Orthodox, Conservative, Reform ko Chabad: wace majami'ar Yahudawa za ka fara leƙawa in kana Amurka?

Wannan rubutun na mutanenmu ne da ke zaune a Amurka, musamman 'yan New York, waɗanda wani dalili ya kai su ga tunanin shiga majami'ar Yahudawa. Dalilan kuwa sun fi yadda na gida zai zata yawa. Akwai ɗalibin da malaminsa na jami'a ya ce dole kowa ya je wurin ibadar da ba nasa ba ya rubuto rahoto, akwai baiwar Allah mai aikin kula da tsofaffi wadda tsohuwar da take wa aiki ke son a raka ta ran Asabar, akwai wanda abokin aiki ya miƙo masa katin bikin balagar ɗansa yana jin nauyin ƙin zuwa, sannan ga 'yan kwamitin masallaci da ke neman waɗanda za su haɗa hannu da su wajen rabon abinci ko maganar tsaron unguwa. Maganar halasci ko rashinsa ba tawa ba ce, malamai sun yi saɓani a kan shiga wuraren ibadar ma'abota littafi, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ni dai abin da zan taimaka da shi shine in ka riga ka yanke za ka je, to wacce, don wallahi ba iri ɗaya ba ne, tazarar da ke tsakanin wata da wata sai ka ɗauka ba addini ɗaya suke yi ba.

Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2020 ya ce Yahudawan Amurka sun kai kusan miliyan 7.5 in an haɗa da yara. A cikin manya, kashi 37 cikin ɗari sun ce su Reform ne, kashi 17 Conservative, kashi 9 kacal Orthodox, sai kashi 32 da suka ce su ba sa wani ɓangare. Kaga ke nan masu baƙar riga da malafa da dogon gashin gefen kunne da muke gani a Brooklyn, waɗanda da an ce Bayahude su ke faɗo mana a rai, wani yanki ne na cikin wannan kashi 9 ɗin ma, ba duka ba.

In za ka riƙe abu ɗaya ka auna su da shi, ka riƙe mota. Wa ke tuƙi ran Asabar, wa ba ya yi? Kusan duk sauran bambancin zaman jama'arsu daga nan ya taso.

'Yan Orthodox ba sa tuƙi, ba sa kunna wuta, ba sa taɓa kuɗi ko waya tun daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito daren Asabar. Sannan ba a yin cikakkiyar addu'ar jam'i sai da maza goma baligai, abin da suke kira minyan. To haɗa biyun nan ka ga abin da zai fito: dole kowa ya nemi gida inda ƙafa za ta iya kai shi majami'a, ko da hayar wurin ta fi tsada, ko da gidan ya fi ƙanƙanta. Sai unguwa ta ginu a kewayen ɗakin ibada, mahauci yana nan, mai burodi yana nan, makaranta tana nan, wurin wankan tsarki da suke kira mikva yana nan. Kusan kamar masallacin ƙofar gida ne a cikin birnin Kano, inda in dattijo bai fito asuba kwana biyu ba kafin hantsi an aika yaro ya dubo ko lafiya. Har wata igiya suke zagayawa da ita a saman turakun titi, eruv, wadda a fiƙihunsu take mayar da unguwa kamar farfajiya ɗaya don a iya ɗaukar makulli ko tura keken jariri ran Asabar, kuma duk mako akwai mai zagayawa ya duba ko ta tsinke. Manhattan ma tana da tata, ka sha wucewa ƙarƙashinta ba ka sani ba.

Ran Asabar da safe ake babban taro, yawanci a fara wajen ƙarfe tara a tashi kusan sha biyu. Maza a gefe, mata a gefe bayan shamaki ko a bene. Ba lasifika, ba kiɗa, ba kyamara. Komai da Ibrananci ne kuma da sauri, kowa yana karatu ƙasa-ƙasa yana rangaji gaba da baya, an fuskanci Ƙudus. Ba a cire takalmi, kuma ba sujada sai a manyan ranakunsu na sabuwar shekara da Ranar Kafara. Abin da ke ba baƙo mamaki shine rashin tsit. Wasu sai goma saura suke shigowa, yara na ta guje-guje suna zuwa wurin wani tsoho da ya saba cika aljihu da alewa, biyu a baya suna hira har mai tsara hidima, gabbai, ya buga teburi. Kuma ba lallai malamin ne zai ja addu'a ba, duk wanda ya iya a cikin jama'a ana iya tura shi gaba, likita ne ko mai shago. Tsakiyar abin ita ce fito da naɗaɗɗiyar Attaura daga ma'ajinta, rubutun hannu a kan fata, a kira mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya, a karanta kason wannan makon gaba ɗaya da rerawa, in mai karatu ya yi kuskuren harafi ko wasali sai ka ji gyara ta ko'ina. Kaso 54 ne, a shekara suke sauka su sake ɗaukowa daga farko a rana guda.

Amma ainihin abin kallo a wurin Orthodox ba Asabar ɗin ba ce kaɗai, sauran kwana shidan ne. Addu'a sau uku a rana, da safe kafin a tafi aiki, da yamma, da dare. Akwai masu zaman karatun Talmud, babban kundin fiƙihunsu, shafi ɗaya kullum, tsarin da aka fara a 1923, shafi 2,711 ne ana sauka a cikin kusan shekara bakwai da rabi, saukar watan Janairun 2020 a filin wasa na MetLife aka yi ta, mutum wajen dubu 90. Akwai 'yan sa-kai masu wankan gawa, chevra kadisha, maza su wanke maza mata su wanke mata, farin likkafani mara ado, akwatin katako zalla, a binne da wuri, ba a barin gawa ita kaɗai kafin nan. Sai zaman makoki na kwana bakwai a gidan mamaci, shiva, jama'a su riƙa kawo abinci su kuma kawo jam'in gidan safe da yamma. Akwai kwamitin duba marasa lafiya. In mace ta haihu an riga an tsara wa zai kawo abincin dare yau wa zai kawo gobe. Sannan ga gemach, wanda ni shi ya fi burge ni: asusun rance ba ruwa, kuma ba kuɗi kaɗai ba, akwai na aron rigar amarya, na kujerun biki, na gadon jariri, na keken marasa lafiya, wata mata ce kawai za ta ware ɗaki a gidanta ta ce nan ne na kaza. Ƙungiyar rance ba ruwa ta Hebrew Free Loan Society a New York tun 1892 take aiki, kuma ba Yahudawa kaɗai take ba wa ba. Motocin ɗaukar marasa lafiya na Hatzalah da kake gani, 'yan sa-kai ne, a Williamsburg abin ya faro a shekarun 1960.

Duk wannan yana da farashinsa fa. Kuɗin makarantun addininsu na yini guda a New York akwai waɗanda suka wuce dala dubu 30 a shekara kan yaro ɗaya, ga iyalai masu yara da yawa, ga abincin kosha, wato wanda dokar addininsu ta halatta, mai tsada. Kuma inda kowa ya san kowa, to kowa ya sa wa kowa ido. Ga baƙo kuma, nan ne za ka fi ganin abin da idonka ya saba da shi, rabuwar maza da mata, suturar kamala, matan aure da rufin kai, ba wanda zai kalli hijabinki sau biyu, da yawansu ma ba sa musabaha da wanda ba jinsinsu ba, amma nan ne kuma za ka fi ɓacewa, don ba wanda zai faɗi lambar shafi, ba wanda zai tsaya ya yi bayani, ba don wulaƙanci ba, kawai dai an gina wurin ne don waɗanda suka riga suka sani. Ka kuma bambanta tsakanin Modern Orthodox, 'yan boko masu aiki a asibiti da kotu da jami'a, da Hasidawa, masu baƙar rigar nan da malafa, irin na Williamsburg da Borough Park da Yidishanci ne harshen gidansu. Na farkon ka nema. Na biyun in ba wani ɗan ciki ne ya riƙo hannunka ba, bari kawai.

Reform kuma ta can ɗaya ƙarshen take. A Jamus abin ya faro farkon ƙarni na 19, majami'ar Hamburg ta 1818 tana cikin na farko, amma a Amurka ya yi ƙarfi ta hannun Isaac Mayer Wise na Cincinnati, wanda ya kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar majami'unsu a 1873 da makarantar horar da malamai a 1875. Ra'ayinsu shine koyarwar ɗabi'a ta annabawa ita ce dindindin, dokokin abinci da Asabar da sauransu kowa ya yi nazari ya ɗauki abin da ya ga yana da ma'ana a wurinsa. Saboda haka ana zuwa a mota, daga nesa, wani tafiyar minti talatin, kuma babban taronsu daren Juma'a ne ba safiyar Asabar ba, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi an gama. Iyali na zama tare miji da mata da yara, akwai jita da fiyano wani wurin har da mawaƙa, rabin abin da Turanci, littafin addu'ar an rubuta Ibranancin da haruffan boko a gefe, malamin kuma yana faɗin shafi yana cewa a tashi a zauna. Malamin ma yana iya zama mace, tun 1972 suka naɗa Sally Priesand. Manyan majami'unsu irin Central Synagogue da ke Lexington Avenue suna watsa taron kai tsaye a intanet, to kaga kana iya kallo daga ɗakinka tukuna ka san abin da za ka tarar. Temple Emanu-El da ke Fifth Avenue kuwa, wadda aka kafa jama'arta a 1845, zaurenta na cin mutum wajen 2,500, ko don ginin ma mutane na shiga.

Baƙo a Reform ba abin kallo ba ne, dalili kuwa a fili yake. Pew ta ce a cikin Yahudawan da ba Orthodox ba da suka yi aure tsakanin 2010 da 2020, kashi 72 cikin ɗari waɗanda ba Yahudawa ba suka aura. Ke nan duk Juma'a akwai surukai da mazaje da mata a kan kujerun nan da su ma ba su san komai ba, an riga an tsara komai don irinsu. Tun 1983 ma suka yarda yaron da ubansa ne kaɗai Bayahude a lissafa shi in an rene shi a addinin, alhali Orthodox da Conservative ta uwa suke bi.

Rayuwar jama'arsu kuwa ta kalanda ce da kwamiti. Makarantar yara ran Lahadi da wata yamma a tsakiyar mako, ajin rainon ƙanana, ƙungiyar mata, ƙungiyar matasa, sansanin hutun bazara, zaman karatun littafi, lacca. Inda suka fi ƙarfi shine aikin waje, abin da suke kira tikkun olam: ɗakin rabon abinci, kwanan marasa gida a ginin majami'a lokacin sanyi, taimakon 'yan gudun hijira da takardu, rajistar masu zaɓe. A nan ne ɗan kwamitin masallaci zai fi saurin samun wanda zai ɗaga waya. Shugaban ƙungiyarsu na lokacin, Eric Yoffie, ya yi jawabi a babban taron ƙungiyar Musulmin Arewacin Amurka ta ISNA a 2007, kuma daga nan masallatai da majami'u da dama suka riƙa zaman karatu tare. Sai dai ka je da sanin cewa a harkar zamantakewa suna can ɓangaren masu sassaucin ra'ayi sosai, malamansu suna ɗaura auren jinsi, kana iya ganin tutar masu auren jinsin a ƙofa, kuma ba ɓoyewa suke ba. Za ku iya shekara kuna raba shinkafa da gwangwani tare lafiya lau, amma kar ka ɗauka ra'ayinku ɗaya a kan tarbiyyar yara. Kuma yawancinsu ba su da jam'in kullum, in ka je ran Talata da safe ofis da ajin yara za ka tarar.

Conservative na tsakiya, kuma sunan kar ya ruɗe ka da siyasar Amurka, ba ruwansu da juna. Akwai wani labari da ake yawan bayarwa na asalinsu, cewa a 1883 an yi walimar yaye ɗaliban farko na makarantar Wise a Cincinnati sai aka kawo jatan lande da ƙafar kwaɗo a teburi, abin da dokar abincinsu ta haramta, wasu malamai suka fusata, shekara uku bayan nan a 1886 aka kafa makarantar Jewish Theological Seminary a New York, wadda ta zama makarantar malaman Conservative. Labarin ya fi haka tsawo amma dai ya nuna inda suka tsaya: doka tana nan daram, sai dai malamai na iya sabunta fahimtarta. A 1950 suka ba da fatawar cewa wanda ke nesa zai iya tuƙi zuwa majami'a ran Asabar, lokacin da jama'a ke ta ƙaura zuwa unguwannin bayan gari, kuma daga baya wasu manyansu da kansu sun ce wannan fatawar ta raba su da zaman unguwa ɗaya. Taronsu na Asabar da safe dogo ne kamar na Orthodox, yawanci da Ibrananci, kicin ɗin majami'a kosha ne, da yawansu suna ƙoƙarin riƙe jam'in kullum ko da da kyar ake cika goma, amma maza da mata a haɗe, ana lissafa mata a cikin goman, mace tana karanta Attaura, malama ta farko Amy Eilberg a 1985 aka naɗa ta. Malamansu ba sa ɗaura aure tsakanin Bayahude da wanda ba shi ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce su ne suka fi kowa yawa, yanzu sun ragu, za ka ga furfura da yawa a sahu, wasu majami'un ma haɗewa suke da maƙwabtansu don riƙe gini. Ga ɗalibi dai ina ganin nan ne wuri mafi sauƙin fahimta, don za ka ga tsohon tsarin kusan cikakke kuma ana faɗa maka shafi, in ke mace ce kuma kina zaune inda za ki ga komai da kyau ba ta bayan labule ba.

Chabad daban suke. Hasidawa ne, Orthodox na sosai, hedikwatarsu na lamba 770 Eastern Parkway a Crown Heights, jagoransu Menachem Mendel Schneerson ya rasu a 1994, amma tsarinsu shine a tura miji da mata su je wani gari ko wata jami'a su buɗe gida su zauna har iya rayuwa, suna neman Yahudawan da suka yi nisa da addini. Suna ƙasashe sama da ɗari, har Abuja akwai su. Ba kuɗin rajista, ba a tambayar ka iya ko ba ka iya ba, abin ya fi karkata ga teburin cin abincin daren Juma'a a gidan malamin da waƙe-waƙe da hira. Suna da fara'a ƙwarai, amma ka gane ba kai suke nema ba, ɗan uwansu da ya yi sanyi suke nema, kai baƙon abokinka ne. In abokin karatu ya ja ka ka bi shi, za ka ci ka ƙoshi. Kuma kar a ce ba a hulɗa da su: a Parkchester cikin Bronx, wasu tsofaffin Yahudawa da suka rasa wurin ibada Sheikh Moussa Drammeh ne ya ba su ɗaki a cibiyarsa ta Musulunci, matasan Chabad suna takowa da ƙafa daga Brooklyn su ja musu addu'a, labarin ya bazu a jaridu a 2012.

Ba ko ɗaya a cikin huɗun nan da zai yi maka wa'azin ka shigo addininsu, wannan ka kwantar da hankalinka, ba al'adarsu ba ce. Malaman Orthodox ma yawanci ba sa son zaman muhawarar aƙida da wasu addinai, babban malaminsu Joseph Soloveitchik tun 1964 ya ja layi cewa a haɗa kai a kan al'amuran jama'a amma ban da tattauna aƙida. To in shirinku na masallaci irin na a zauna a kwatanta annabawa ne, Reform ko Conservative za ku nufa. In kuwa maganar maƙabarta ce, ko hana yanke gawa a asibiti in ba dole ba, ko abincin halal da kosha a makarantun gwamnati da gidan yari, ko ranakun hutun idi, to 'yan Orthodox ne ciwonku ɗaya da su, sun kuma daɗe suna wannan fafutukar sun san ƙofofin da ake bugawa.

Maganar kuɗi tana da ban sha'awa ga wanda ke riƙe da asusun masallaci. Tunda asali ba a taɓa kuɗi ran Asabar, ba a zagayawa da akwati ko faranti, sai abin ya koma kuɗin zama memba na shekara, iyali guda a manyan birane suna iya biyan dala dubu biyu, uku ko fiye, ban da kuɗin gini da na makarantar yara, wanda ba shi da hali ya je ofis a rage masa a asirce. Da wannan ake biyan malami da mai rera addu'a da ma'aikata albashi na sosai, membobi kuma su ke zaɓen kwamitin da ke ɗaukar malamin aiki da kwantiragi, su kuma iya sallamarsa. Kai baƙo ba ka biyan ko sisi. Amma ka kiyayi manyan ranakun nan biyu da ke faɗowa a Satumba ko Oktoba, sabuwar shekara da Ranar Kafara mai azumin awa 25, ranar kowa ke zuwa har wanda ba a gani duk shekara, wurare da yawa sai da tikiti, ba ranar baƙo ba ce. Idin Bukkoki da ke biyo baya ya fi daɗin ziyara, ana cin abinci a rumfa a waje kowa a sake.

Abinci kuma dole a yi maganarsa don duk taron da ci yake ƙarewa, kuma a nan ne ake ainihin hirar, wanda ya fice da an shafa ya bar rabin abin da ya zo gani. Ana fara wa da albarka a kan ruwan inabi mai sa maye, a ƙananan kofuna, amma kusan ko'ina akwai na inabi zalla mara giya saboda yara da masu ciwo, ka tambaya kawai, ko ka bar hannunka a aljihu ba mai cewa komai. A wurin Orthodox da Chabad kana iya ganin kwalbar wiski a teburin maza. Alade kam ba za ka gani ba a kicin ɗin kosha, kuma ba a haɗa nama da madara, to in ka ga cuku da kifi a teburi ka san ba nama a wurin gaba ɗaya. Akwai wani dahuwar wake da dankali da nama da ke kwana a kan wuta tun Juma'a, cholent, ran sanyi ba ta da na biyu. Ko za ka ci yankansu wannan tsakaninka da malaminka, amma ka sani kosha ba ta hana giya a cikin miya ko kek, kuma a wasu majami'un Reform kicin ɗin ma ba kosha ba ne, to a can ne ya kamata ka fi yin tambaya, ba a wurin masu tsanani ba.

Kar ka tashi kawai ka je ka tura ƙofa, ko wacce ce. Tun harin majami'ar Tree of Life a Pittsburgh ranar 27 ga Oktoban 2018 da aka kashe mutum 11, wanda Musulmin Amurka suka tara wa iyalan sama da dala dubu 200, da garkuwar da aka yi da mutane a Colleyville ta Texas a Janairun 2022 bayan malamin ya buɗe wa wani baƙo ƙofa ya haɗa masa shayi, kusan ko'ina akwai mai gadi, wani wurin har da na'urar bincike. Ka aika imel ko ka kira ofis tun Litinin ko Talata, ka faɗi sunanka da dalilinka, ka zo da katin shaida, ka bar babbar jaka a gida. In Orthodox ce kar ka kira bayan azahar ɗin Juma'a, ba mai ɗauka. Namiji ya rufe kai, akwai ƙananan huluna a kwando bakin ƙofa, hularka ta gida ma ta wadatar. Mayafin addu'a mai geza kuwa nasu ne, in an miƙo ka ce na gode ni baƙo ne. Waya a kashe, ban da hoto, a Orthodox da Conservative ban da rubutu ma, ɗalibi sai ka koma gida ka zauna ka rubuta abin da ka riƙe. In an tashi ka tashi in an zauna ka zauna, ba wanda ke jiran ka furta komai.

Sai maganar da kowa ke da ita a rai. A yawancin majami'un nan, Reform ne ko Conservative ko Modern Orthodox, za ka ga tutar Isra'ila kusa da ta Amurka, ana kuma yi wa ƙasar addu'a a cikin taro, tun Oktoban 2023 abin ya ƙara fitowa. A cikin jama'ar akwai masu goyon bayan gwamnatin can ido rufe, akwai masu sukar ta da zafi musamman matasa da 'yan Reform, akwai Hasidawan Satmar da ba su yarda da kafa ƙasar ba tun asali saboda dalilin aƙida. In ka san zuciyarka ba za ta ɗauki ganin wannan ba a halin da ake ciki na Gaza, gara ka dakata, ko ka nemi haɗuwa da malamin a ofis ko wurin shan shayi. In ka je kuma, zuwan farko ba ranar muhawara ba ce.

To wa zai je ina? In gayyata ce ba ka da zaɓi, inda aka kira ka nan za ka, sai dai ka tambayi mai gayyatar wane ɓangare ne don ka san sutura da tsawon zama, kyautar yaron kuma in masu kiyaye Asabar ne ka aika kafin ranar ko bayanta, kar ka riƙo ambulan. Hajiya mai kula da tsohuwa, ki tambayi iyalin tun Alhamis me ake so ki taɓa me ba a so, akwai gine-ginen da ke da lif na Asabar mai tsayawa kowane bene da kansa. Ɗalibi mai rahoto ɗaya, Conservative ran Asabar da safe. Kwamitin da ke neman abokan aikin jinƙai, Reform, ku fara da daren Juma'a ku tsaya shan shayin bayan taro. Mata masu son zumunci na ɗorewa akwai ƙungiyar Sisterhood of Salaam Shalom da ta faro a New Jersey a 2010, a gidajen juna suke haɗuwa ba a wurin ibada ba. Amma wanda damuwarsa ita ce yadda za mu riƙe 'ya'yanmu da jana'izarmu da rancenmu a ƙasar da ba tamu ba, ni a ganina Modern Orthodox zai je ya zauna ya kalla, ko da bai gane kalma ɗaya ba, ya kuma roƙi a haɗa shi da mai kula da asusun rancen da shugaban masu wankan gawa.

'Yan Bronx ma ba sai kun yi nisa ba. Riverdale tana da duka huɗun kusa da juna, akwai Riverdale Temple ta Reform, akwai Adath Israel ta Conservative, akwai gidan Chabad, sannan Hebrew Institute of Riverdale da Avi Weiss ya daɗe yana jagoranta har 2015, Orthodox ce amma irin mai buɗaɗɗiyar ƙofa, shamakinta ta tsakiyar zaure ya bi maza a gefe mata a gefe kowa na ganin gaba. Jirgin ƙasa mai lamba 1 zai sauke ka a titi na 231, daga nan bas ne ko hawan tudu da ƙafa.